Bayan an kwashe rumfa da kujeru, wa ke zama da mai rashi?

Maman Hanif:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya, don Allah wanda zai amsa ya amsa da tausayi. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ɗanta na fari ya rasu a hatsarin mota a hanyar Zariya, wata takwas kenan. Yaro ɗan shekara 19. A zaman makoki kowa ya yaba mata, ko ɗigon hawaye ba a gani ba, ita ce ma take ba masu zuwa gaisuwa haƙuri. Amma tun da aka yi arba'in Yaya ta koma wata iri. Ba ta barci sai gab da asuba. Keken ɗinkinta ya yi ƙura, masu kaya sun gaji sun karɓe kayansu. Wayar yaron tana hannunta, kullum sai ta sa ta a caji. In aka ambaci sunansa sai ta tashi ta shige ɗaki. Mijinta ya ce ta ji tsoron Allah, danginsa suna cewa rashin tawakkali ne, wata ma ta ce a kira mai ruƙiyya. Alhali salla ba ta wuce ta, azkar ba ta bari ba. Shin a nan Kaduna akwai inda ake kai mutum a zauna da shi a saurare shi saboda baƙin cikin rashi? Ko sai mutum ya fara tsince-tsince a bola sannan a yarda yana buƙatar taimako?

Abu Sumayya:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya ba ta haƙurin rashi. Amma 'yar'uwa, ni ban ga abin da wani baƙo zai faɗa mata da ya wuce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un ba. Iyayenmu da kakanninmu sun binne 'ya'ya biyar, shida, ba su je wurin kowa ba. Wannan zaman da za ka biya mutum kuɗi ya saurari sirrin gidanka al'adar Turawa ce, su da ba su da zumunci irin namu. Ku sa ta yawaita karatun Alƙur'ani, ku yi masa sadaka, ku riƙa tuna mata ladan haƙuri.

Hajiya Babba Rigasa:
Abu Sumayya, ɗana, ina cikin iyayen da kake magana a kansu. Jikata ce take rubutawa, ni nake faɗa. Na binne miji, na binne 'ya'ya biyu. Ka ce ba mu je wurin kowa ba. Haka ne, domin su ne suke zuwa wurinmu. Lokacin da Alhaji ya rasu muna babban gida a Tudun Wada. Goggona ta taso daga Zariya ta tare a ɗakina har na fita takaba, wata huɗu da kwana goma tana kwana a gefena. In na farka tsakar dare ina kuka ba ta cewa in yi shiru, sai ta tashi zaune ta ce, “Faɗa mini, me kika tuna?” In yi ta faɗa har a kira assalatu. Ga faccaloli, ga abokiyar zamana da muke takabar tare. To yanzu fa? Yarinya tana gidan haya ita kaɗai, get a kulle. Ana yin addu'ar uku masu rumfa za su zo su kwashe kujerunsu, na Kano su kama hanya, na Abuja su bi jirgi, saura su turo “Allah ya jiƙan rai” ta WhatsApp. Shi kenan, daga ita sai bangon ɗaki.

Abin da yake ba ni mamaki, mai jego muna aika mata tsohuwa ta zauna da ita kwana arba'in, a dafa mata ruwan wanka, a dama mata kunun kanwa, a lura da cinta da barcinta. Wadda ta haifa ta raina har shekara 19 sannan ta miƙa wa ƙasa kuma, kwana uku muka yanka mata.

Kuma kada ka ɗauka duk mun warke a wancan zamanin. Na san mata a unguwarmu da suka bi 'ya'yansu cikin shekara. Aka ce hawan jini, aka ce ajali. Ajali ne, ban musa ba. Amma a gabanmu suka yi ta ƙanjamewa.

Almajirin Malam:
Allah ya saka wa Hajiya da alheri, ya ƙara lafiya. Akwai abin da ya zama ruwan dare a bakinmu, wato ganin duk mai baƙin ciki ba shi da tawakkali. Annabi Yaƙubu, alaihis salam, shi ne ya ce “haƙuri mai kyau”, kuma shi ɗin ne dai Alƙur'ani ya ce idanunsa sun yi fari saboda baƙin ciki, a Suratu Yusuf aya ta 84. Allah bai zarge shi ba. 'Ya'yansa ne suka zarge shi a aya ta gaba, suka ce ba za ka daina ambaton Yusuf ba har sai ka lalace. Ku duba ku gani, maganar wa tamu ta fi kama?

Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ɗauki ɗansa Ibrahim yana gargarar mutuwa, hawaye suna zuba daga idonsa. Abdurrahman bin Auf ya ce, har da kai ya Manzon Allah? Ya ce masa wannan rahama ce. Sannan ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Yana cikin Bukhari. Abin da aka hana shi ne kururuwa da marin fuska da yaga tufafi da furucin da ke nuna fushi da hukuncin Allah.

Akwai wani hadisin da na fi so mata su riƙe. Nana A'isha, in aka yi rasuwa a danginta, mata suka taru suka watse, ya rage sai 'yan gida da na kusa, sai ta sa a ɗora tukunyar talbina, wato kunun garin sha'ir, ta ce su ci, domin ta ji Annabi yana cewa talbina tana sanyaya zuciyar mara lafiya, tana tafiyar da wani sashe na baƙin ciki. Ku lura da lokacin da take wannan hidima: bayan taro ya watse. Haka da Ja'afar ya yi shahada a Mu'uta, Annabi cewa ya yi a yi wa iyalan Ja'afar abinci, domin abin da zai shagaltar da su ya same su. Mu kuwa yau masu rashi ne ke cin bashi su dafa wa baƙi shinkafa.

Abu Sumayya:
Malam, duk na yarda da waɗannan. To hadisin da ya ce bai halatta mace ta yi makokin wani fiye da kwana uku ba sai mijinta fa? Nan wata takwas ake magana.

Almajirin Malam:
Hadisin ingantacce ne, ɗan'uwa. Amma abin da malamai suka ce yana nufi shi ne barin ado da turare da kwalli saboda mamaci. Wannan shi aka iyakance wa kwana uku, domin abu ne da mutum ke da iko a kansa. Zuciya ba a sa mata wa'adi ba. Shekaru bayan rasuwar Nana Khadija Annabi yana yawan ambatonta, in ya yanka akuya ya aika wa ƙawayenta nama, har Nana A'isha ta ji kishi. Idan baiwar Allah nan tana salla tana azkar, ba ta faɗin saɓo, amma barci ya gagare ta, to jiki ne ya gaza. Neman magani kuwa bai taɓa kore tawakkali ba.

Anti Nas:
Sannunku. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa na karanta. Zan fara da inda Abu Sumayya yake da gaskiya: yawancin masu rashi ba sa buƙatar likita. Kuka, rashin cin abinci, mafarkin mamaci, jin kamar muryarsa a tsakar gida, fushi, mantuwa, duk waɗannan ba ciwo ba ne a watannin farko. Dangi da addu'a da lokaci suna isar mafi yawan mutane. Amma akwai waɗanda abin yake tsaya musu wuri ɗaya ba ya gaba. Bincike yana nuna kusan mutum 1 cikin 10 na masu rashi, kuma adadin yana ƙaruwa in mutuwar ta fuju'a ce, ko ta tashin hankali, ko ɗa ne aka rasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan cikin sabon kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022. Ma'auninta shi ne a wuce aƙalla wata 6, begen mamacin ya cika zuciya kullum, ya wuce abin da al'ada da addinin mutanen wurin suka saba, kuma ya hana mutum gudanar da rayuwarsa. Likitocin Amurka su shekara guda suke jira ga babba. Ba a waya ake yanke wa mutum hukunci ba, amma abin da Maman Hanif ta lissafa, barin sana'a da rashin barci da gudun sunansa, ya isa a ce ta ga ƙwararre.

Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana nan Barnawa, akwai likitoci da masana halayyar ɗan Adam da ma'aikatan walwala. Akwai kuma sashen a asibitin koyarwa na Shika a Zariya. Kada ku ɗauka zuwa yana nufin kwantarwa. Mafi yawan masu zuwa kati suke yanka, su ga likita, su koma gida ranar.

Maman Hanif, abu ɗaya nake so ki yi yau ba gobe ba. Ki tambaye ta kai tsaye, cikin taushi, ko tana jin ta gaji da rayuwa, ko tunanin cutar da kanta yana zuwa mata. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sauƙi ma take kawowa. In ta ce eh, kada a bar ta ita kaɗai, a kawar da fiya-fiya da tarin magunguna daga ɗakin, a kai ta asibiti ranar.

Maman Hanif:
Na gode Anti, zan tambaye ta in sha Allah. Amma wallahi in na furta Barnawa a gidan nan mijinta zai ce na kira matarsa mahaukaciya. Ga 'yan mata biyu a gabanta, ɗaya an kusa kawo kuɗin gaisuwarta. Kin san mutanenmu, sai a ce akwai taɓin hankali a dangin.

Ummu Khalil:
Wannan gaskiya ne. A Kaduna ko faɗa yara suke sai ka ji an ce “a kai shi Barnawa”.

Anti Nas:
Na sani, kullum da wannan muke fama. To a bi ta wata ƙofar. Ku kai ta asibitin Barau Dikko, ko Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, ko Gwamna Awan a Kakuri, a ce rashin barci ne ya kawo ta, wanda kuma gaskiya ne. A auna jininta, a duba sukari. Ke ki shiga tare da ita ki faɗa wa likita labarin rashin, domin ita “ciwon kai” kawai za ta ce. In likita ne da bakinsa ya tura ta gaba, maigidan zai fi saurara.

Me ake yi a zaman? Ba wa'azi ake mata ba, ba kuma cewa za a yi ta manta da ɗanta ba. Ana barinta ta ba da labarin ranar daga farko har ƙarshe, ta sake, ta kuma sakewa, har ƙirjinta ya iya ɗauka. Ana fito da “da na sani” ɗin da ke cinta a ɓoye, da ban aike shi ba, da na hana shi tafiyar. Ana taimaka mata ta tunkari abin da take gudu sannu a hankali, ɗakinsa, sunansa, hotonsa. Sannan ta koma kan keke ko da awa ɗaya ce a rana. Magani kuma sai in ciwon damuwa ya hau kai, domin babu ƙwayar da ke cire kewa.

Matsalarmu ƙarancin ma'aikata. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200. Sai a Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Kafin nan da dokar 1958 ake aiki, tun ta zamanin Turawa.

Ɗan Kawo:
Tun ɗazu ina karantawa, maganar duk a kan mata take. Bari in faɗi tamu. Matata ta rasu wajen haihuwa, ita da abin da ke cikinta. Ni na shiga kabari na karɓe ta. Ana gama uku na buɗe shago, kowa yana cewa ka ga namiji. Mace ko ba komai tana da takaba, an san tana cikin wani hali, ana leƙa ta. Namiji ba shi da ko wannan. Tun kafin arba'in aka fara yi mini tallan 'yan mata, wai maganin mutuwar mata aure. Da rana ina ciniki ina dariya, da dare in na buɗe ƙofa na ga takalmanta sai ƙafata ta kasa ɗaukata. Wani mai kemis ya ba ni ƙwayar barci, daga ɗaya na koma biyu, daga nan in ban sha ba jikina rawa yake.

Wanda ya cece ni bayan Allah wani dattijo ne da muke sahu ɗaya a masallaci, shi ma ya taɓa rasa mata. Bai taɓa ce mini “sai haƙuri” ba. Bayan isha'i sai ya ce raka ni gida, muna tafe yana tambayata wace irin mace ce, me take dafawa, me take cewa in ta yi fushi. Shi ne mutum na farko da ya bar ni na kira sunanta. Shi ya kai ni wurin likita aka yaye ni daga ƙwayar a hankali. Jama'a, ku riƙa duba mazan da aka yi wa rashi. Yawancin waɗanda kuke gani sun daure ɗin nan, ba su da wurin ajiyewa ne.

Anti Nas:
Allah ya jiƙanta, Ɗan Kawo, na gode da ka faɗa. Don Allah a kiyayi ƙwayar barci ta kemis ba da takardar likita ba, irin su diazepam jiki yana saurin sabawa da su, kuma wanda ya saba kada ya yanke rana ɗaya, yana da haɗari. Tun 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin, amma mun san har yanzu ana samu, kuma ba matasa kaɗai ke sha ba. Akwai zawarawa a ciki.

Mama Saraya Sabon Tasha:
Salama gare ku. Ni Kirista ce, amma wannan ciwon bai san coci ko masallaci ba. Maman Hanif, sannu, Allah ya ta'azantar da Yayarki. A wurinmu zumuntar mata suna ƙoƙari, za su kwana a gidan, su yi waƙa, su yi girki, su share. Amma mu ma da an dawo daga jana'iza a ƙauye kowa ya kama gabansa. Wani lokaci ma gawa tana ɗakin ajiya makonni ana tara kuɗin akwati da mota da abinci, gwauruwa ba ta samu zaman kuka ba sai lissafi. Ranar da ta samu kanta, ba kowa. Kuma mu ma muna da masu cewa kuka rashin bangaskiya ne, alhali Yesu ya yi kuka a kan mutuwar Li'azaru. Abokan Ayuba da suka zo masa, kwana bakwai suka zauna a ƙasa tare da shi ba wanda ya ce uffan. Sai da suka buɗe baki suna neman dalilin wahalarsa sannan suka ɓata.

A garin nan muna da misali a gabanmu. Fasto James Wuye ya rasa hannu a rikicin 1992, Imam Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa a rikicin, daga baya suka kafa cibiyar sulhu tare. Mutanen da suka sha irin wannan sun san ba a ce wa mai rauni ya manta.

Baƙon Birnin Gwari:
Ku kuna maganar wanda ya ga gawa ya yi mata salla. Mu da muka baro gida muka dawo Rigasa da Mando, akwai waɗanda aka shiga daji da nasu, aka kai kuɗi, waya ta daina shiga. Ba gawa, ba kabari, ba zaman makoki, ba wanda zai zo ya ce ya haƙuri. Matar ƙanina tana nan, ita ba mai aure ba, ita ba mai takaba ba. In an buga ƙofa sai ta zabura. Ku tuna iyalan fasinjojin jirgin ƙasa da aka sace ranar 28 ga Maris 2022, da suka yi watanni suna jira. Ku tuna harin jirgin soja a ƙauyen Tudun Biri a Disambar 2023, inda gida ɗaya ya rasa mutane da yawa a dare ɗaya a wurin Mauludi. Wa zai yi wa wani ta'aziyya in duk garin masu rashi ne?

Almajirin Malam:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ta fuskar hukunci, kada dangi su yanke da kansu, a kai maganar gaban alƙali. A mazhabar Malikiyya asalin hukuncin matar wanda ya ɓata shi ne alƙali ya bincika, ya sa mata wa'adin shekara huɗu, sannan ta yi idda. Amma akwai bambanci gwargwadon yanayin ɓatan da kuma ko akwai abin ciyar da ita, shi ya sa sai alƙali. Barinta a rataye ba tare da an kai ko'ina ba zalunci ne.

Anti Nas:
Irin wannan rashin ya fi kowanne wahalar ɗauka, domin zuciya ba ta san ko ta jira ko ta saki ba. Kada a tilasta mata cewa ya mutu, kada kuma a yi ta ba ta tabbacin zai dawo. Zaburar da kake faɗa, in akwai mugun mafarki da faɗuwar gaba, alamar firgici ce da ke bin tashin hankali, kuma ana maganinta. Waɗanda suka gani da idonsu, musamman yara, kada a matsa musu su ba da labari a gaban taro. A fara da abinci da wurin kwana da makaranta.

Malama Hauwa'u:
Tunda an ambaci yara. Ina koyarwa a firamare, kuma abin da na fi gani shi ne “Baba ya yi tafiya”. Yaro ya yi ta zaman bakin ƙofa, sai wata rana a wurin wasa wani ya ce masa ai babanka ya mutu. Daga ranar ya daina yarda da uwarsa. Ku faɗa musu gaskiya daidai hankalinsu: ya rasu, ba zai dawo ba, ba laifinka ba ne, muna yi masa addu'a. Kada a ce barci yake, yaro sai ya ji tsoron kwanciya. Yaro ba ya zama ya yi ta kuka kamar babba. Zai yi wasa, ya dawo ya yi tambaya, ya koma fitsarin kwance, ya fara faɗa a aji. Kuma don Allah ku sanar da malaminsa. Sau da yawa sai mun hukunta yaro a kan rashin yin aikin gida sannan mu ji an yi masa rashi. Maman Hanif, ƙannen marigayin ma sun yi rashi biyu, ga yayansu, ga uwar da ta yi nisa tana zaune a gabansu.

Ɗalibin KASU:
Anti, na karanta cewa baƙin ciki yana da matakai biyar, daga ƙin yarda zuwa fushi har a kai ga karɓa. Sannan akwai wani tsari a Zimbabuwe da ya burge ni. Wani likita, Dixon Chibanda, ya horar da tsofaffin mata a Harare, suna zama a benci a harabar ƙananan asibitoci, mai damuwa ya zo su yi zama kamar shida. Sakamakon gwajinsu ya fito a 2016, kuma waɗanda suka zauna da kakannin sun fi samun sauƙi. Mu da muke da Islamiyyun matan aure a kowane layi, ga ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN, ga zumuntar mata, ga 'yan agaji, me zai hana? Irin su Hajiya Babba ai horo kaɗan suke buƙata.

Anti Nas:
Matakan nan Elisabeth Kübler-Ross ce ta kawo su a 1969, kuma daga hirarta da marasa lafiya da ke gab da mutuwa ta samo su. Masu rashi ba sa bin layi haka. Mutum zai ji sauƙi wata guda, Sallah ta zo ko azumi ya kama, ya koma kamar jiya aka yi. Kada wani ya ga bai bi mataki ba ya ɗauka shi ne da matsala. Maganar benci kuwa ina goyon baya ɗari bisa ɗari.

Abu Sumayya:
To a nan ne ni kuma nake da tsoro, kuma ba gardama nake ba. Unguwa ce fa. Mace ta buɗe cikinta ta ce tana jin haushin mijinta domin shi ya aiki yaron, gobe maganar tana gidan suna. Mun ga aure ya mutu a kan abin da bai kai wannan ba. Goggon Hajiya jininta ce, ba za ta tona mata asiri ba. Wa zai lamunce mini matar layi? Sannan har yanzu ina nan a kan cewa abin da ya fi shi ne mu gyara zumuncinmu, ba mu miƙa wa wasu aikin da yake namu ba.

Hajiya Babba Rigasa:
Nan kam ka yi gaskiya, ɗana. Ba kowace tsohuwa ce za a ba wannan aikin ba. A kowace unguwa an san masu wankan gawa, kuma an san dalilin da ya sa su aka zaɓa: abin da suka gani ba ya fita bakinsu. Irinsu za a nema. Mai yawan “ai ni da nawa ya rasu” ba ta dace ba, mai saurin cewa “za ki haifi wani” ba ta dace ba. Zumuncin kuma a gyara, ban ƙi ba. Amma wadda take cikin wuta yau ba za ta jira mu gama gyara ba.

Anti Nas:
Riƙon amana shi ne darasi na farko da ake koya wa duk mai wannan aiki, kuma wanda ya karya sau ɗaya an sallame shi. Yana da kyau ma mace ta ga wadda ba ta layinsu ba, 'yar Badarawa ta je Unguwar Rimi. Darasi na biyu sanin iyaka. Mai sauraro ba ya ba da magani, ba ya raba gardamar gado, ba ya yanke hukuncin aure. In ya ji maganar kashe kai, ko mutum ya daina ci da sha, ko yana jin muryoyi suna ba shi umarni, ko ya shiga ƙwaya, sai ya riƙe hannunsa zuwa asibiti. A wannan kaɗai ake buɗe sirri, shi ma ga wanda zai taimaka, kuma tun zaman farko ake faɗa wa mutum haka. Dole kuma a sami ƙwararre da masu sauraron za su riƙa komawa wurinsa, domin ɗaukar kukan mutane yana da nauyi.

Ɗan Kawo:
Abu Sumayya, tunda zumunci kake so a gyara, ga dama. Akwai wani maƙwabcinmu mai gyaran keke napep, matarsa ta rasu watan jiya ta bar masa yara ƙanana. Ya daina zama majalisa, jam'i ma sai jefi-jefi. Ina so in je ranar Alhamis bayan isha'i, amma mutum biyu sun fi. In Kawo ba ta yi maka nisa ba, zo mu je tare. Ba sai ka shirya abin faɗa ba.

Abu Sumayya:
Ina Hayin Banki, ba nisa. Turo mini lambarka ta gefe. Amma da sharaɗi, duk abin da ya faɗa mana ba zai shigo zauren nan ba. Zan taho da abincin yaran daga gida.